Tayar da Babu Irinta a Kasuwar Kafanchan

Ku yaran yanzu, in kun zo rumfata shan inuwa ba ku da aiki sai nuna wannan ƙafar keken da ke rataye a bango kuna dariya, wai Baba Bulus ya tsufa har ya fara tara tarkace. Jiya ma wani cewa ya yi in ba shi ya kai wa 'yan gwangwan. Ku ne kuma masu cewa gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo kawai, ko makaho zai iya. To, ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi ta hau bangon nan. Amma sai kun yi haƙuri na faro daga tushe.

Facin farko da na yi a duniya, a rumfar Malam Sale na yi shi, kusa da tashar jirgin ƙasa, a zamanin da ma'aikatan reluwe suke tashi daga aiki su cika titi da kekuna. Na zo daga ƙauyenmu na bayan Fadan Kagoma, Hausata ma a karkace take, shi kuwa Malam Sale kakanninsa a kasuwar garin nan suka tsufa. Ya miƙo mini tub da kwanon ruwa ya ce in nemo hujin. Na nemo, na kankare, na shafa sholisho, nan take na manna faci ina washe baki. Ya buga iska ya kara mini tub ɗin a kunne, na ji yana huci.

"Bulus," ya ce, "sholisho ba ya son gaggawa. Ka bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa. Sannan ka zura hannu cikin tayar ka nemo ƙayar. Wanda ya yi faci bai cire ƙaya ba, ya gayyaci mai keke ne ya dawo da zagi."

Kayan aikinsa duka ba su cika ƙaramin akwati ba: sifana mai lamba goma sha biyar, filaya, guduma, cokula biyu da aka buge bakinsu don cire taya, gwangwanin giris, kwalbar boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin cibiyar ƙafa, da ɗan makullin ɗaure sifok, wato wayoyin nan da suke riƙe ƙafar keke. Wannan ɗan makullin shi ne sana'ar. Ƙafa in ta karkace, sai ka kife keken, ka juya ta, ka kara alli a gefe ka ga inda yake gogawa, ka ɗaure wannan waya kaɗan, ka sassauta waccan kaɗan, ka sake juyawa. In ka yi zafin hannu ka gyara nan, sai can ya bauɗe. Shekara uku na yi kafin Malam ya bar ni in miƙe ƙafar baƙo ba tare da ya tsaya a kaina ba.

Akwai kuma abin da yake yawan faɗa: kafin ka taɓa keke, ka tambayi inda yake kwana da abin da yake ɗauka. Keken malamin makaranta littattafai yake ɗauka a kan kwalta. Keken manomin citta buhu biyu yake ɗauka, ya gangara rafi ya hau tudu, shi ba ka ɗaure masa sifok kamar na malami. Keken fasto kuwa birki za ka fara dubawa, domin hankalinsa yana wurin wa'azi, ba ya kan hanya.

Da acaɓa ta shigo gari, abokan sana'ata da yawa suka koma gyaran babur. Ni na tsaya, ba don wayo ba, don hannuna ya riga ya saba. Mutanen ƙauye ba su bar keke ba, musamman duk lokacin da mai ya yi tsada, saboda haka ban rasa na tuwo ba. Ina nan a wannan rumfar, furfura ta fara leƙowa, sai ga baƙi.

Wata ƙungiya ce ta haɗin gwiwar ƙasashe, masu neman a samu hanyar tafiya wadda ba ta cin mai, ba ta hayaƙi, kuma talaka zai iya riƙe ta da kansa. Kuɗin daga Turai, zanen daga wata ƙasa ta gabashin Afirka inda aka fara gwada abin, hannu kuma daga wurinmu. Abin da suka kawo shi ne amalanken marasa lafiya: gado ne mai ƙafa biyu da rumfar tamfol, ana ɗaura shi a bayan keke, a ɗauko mai naƙuda ko mai ciwo daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, a fito da shi bakin titi. Injiniyarsu wata Baturiya ce, Madam Hilda, doguwa, kullum da sifana a aljihun wando. Ta ce a ƙasarsu har manyan gwamnati keke suke hawa zuwa ofis. Na ce a raina, wannan kuma sai na gani. Ni aka zaɓa in riƙa kula da amalankan, saboda ɗan Turancin firamare da nake da shi da kuma daɗewa a sana'a.

Ranar da aka miƙa su an yi taro a fili. Hakimai sun zo, fastoci da limamai sun zo, 'yan rawa sun zo da ganguna da ƙaho. Amalanke goma sha biyu a jere, fenti yana ƙyalli. Ana tsakiyar jawabi Madam Hilda ta yafito ni, muka tsuguna a gefen ɗaya.

"Malam Bulus, ka duba da kyau. Yaya ka gani?"

Na duba, kuma na gani. Tun kafin in taɓa na gani. Tayar ba ta inci ashirin da shida ba ce, ba ta ashirin da takwas ba ce, wata ce daban da ban taɓa ganin irinta a kasuwar Kafanchan ba. Bawul ɗinta siriri, famfonmu ba zai kama shi ba sai nasu. Cibiyar ƙafar kuma a rufe take ruf, babu inda za ka buɗe ka zuba boris da giris. Na ɗaga kai na ga hakimai suna kallonmu, na ga matar da ta ƙetaro teku da kaya. A gidanmu an koya mana, in baƙo ya miƙo maka abu da hannu biyu, da hannu biyu kake karɓa, bakinka kuma godiya kaɗai ya sani.

"Ya yi kyau, Madam. Mun gode."

"Babu wata matsala?"

"Ba laifi," na ce. Ta miƙo takarda na sa hannu, aka ci gaba da kiɗa.

Shekarar farko abin ya yi aiki har na fara gaya wa kaina ai tsorona ne ya yi yawa. Sun bar mini kwali guda na taya da tub, ina canzawa. A cikin masu riƙe da amalankan babu kamar Sista Rifkatu, ungozomar wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke hayin rafi. Gajeruwa ce, amma ban taɓa ganin mai ƙarfin zuciya irinta ba. Wasu wuraren samari ake sawa su tuƙa, ita da kanta take tuƙawa, ta ɗaure zani a kan wando, mai naƙuda a baya, mijin yana turawa a kan tudu tana yi masa tsawa ya ƙara ƙarfi. Duk sati biyu za ta kawo mini nata a wanke tas, ta tsaya a kaina har in gama.

Damina ta biyu ita ce muguwar shekarar. Tsakuwar hanyoyinmu da ƙaya suka cinye tayoyin, kwalin ya ƙare. Na je Jos, na je Kaduna, na ba wani mai sayar da kayan keke ya tambayo mini a Onica, kowa ya juya tayar ya ce bai san ta ba. Na ɗinke wasu da zaren takalmi. Na cusa tsumma a cikin wasu. Ruwa ya shiga cibiyoyin nan da ba sa buɗuwa, suka fara ƙara, suka ƙage. Ɗaya bayan ɗaya amalankan suka koma jingine a bayan asibitoci, kaji suna ƙwai a kan gadon.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, Madam Hilda takan bugo waya daga ƙasarsu. Ta ce, "Malam Bulus, komai lafiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Madam." Ita tambaya take yi, ni gaisuwa nake amsawa. Kuma kullum kunyar faɗa tana ƙaruwa, domin in na faɗa yau, sai an tambaye ni me ya hana ni faɗa jiya.

Wata Talata da safe ina miƙe ƙafar keken wani manomi, sai ga Sista Rifkatu ta sauka daga acaɓa da ƙafar amalanke a hannu. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye ta a kan bencina.

"Oga Bulus, ga tayan ka."

Na ce, "Sista, lafiya?"

"Jiya da rana Ladi matan Danjuma ya fara naƙuda, yaro ya kwanta a gicciye. Amalanke ya mutu sati uku ke nan, kai ma ka sani. A kan ƙofa muka ɗauke shi, maza huɗu, ruwa yana zuba. Kafin mu kai titi an wuce awa biyu. Likita ya ceci uwan. Yaron bai yi kuka ba."

Ta dube ni, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ina wurin ranan da Madam ya tambaye ka. Da kunne na na ji ka ce ba laifi. Ni ban san taya ba, allura na sani. Kai ne ka san taya."

Ta juya ta hau acaɓarta. Ba zan ce muku da amalanken yana tafiya da yaron ya rayu ba, wannan sanin na Ubangiji ne. Abin da na sani shi ne, da amalanke ba a kai rabin wannan lokacin a hanyar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin kunyar da na ji a gaban hakimai ba ce.

Na rufe rumfa na tafi gidan Malam Sale. Lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure. Na sa masa ƙafar a hannu ya shafa ta, ya taɓa bawul ɗin, ya taɓa cibiyar, na ba shi labari duka.

"Bulus, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Matar nan ba kyauta ta kawo maka ba, aiki ta kawo maka. Hakimi aikinsa godiya, kuma ya yi. Kai aikinka taya. Tashi ka buga mata."

A ƙofar gidansa na tsaya na buga, na faɗa mata komai, har da cewa tun ranar farko na gani.

Ba a yi wata guda ba sai ga ta a Kafanchan. Na shirya shan faɗa, na shirya a karɓe aikin a ba wani. Ko zama ba ta yi ba ta ce in kai ta kasuwa. Muka bi rumfunan kayan keke ɗaya bayan ɗaya, tana aunawa tana rubutawa, tana tambayar wanne ne ba ya yankewa ko da damina. Da muka dawo ta zauna a kan wannan bencin da kuke kai.

"Laifin namu ne mu biyu," ta ce. "Kai ka gani ka yi shiru. Ni kuma na tambaye ka a gaban sarakuna da ganguna, inda mutum ba zai iya cewa a'a ba. Kuma tambayar ma ban iya ta ba. Da cewa na yi ka kai ni inda zan sayi wannan tayar, da tun ranar mun sani."

Na yi aiki da mutane da yawa, amma ban taɓa ganin mai ilimi irin nata ya karɓi rabonsa na laifi da sauri haka ba. Daga ranar ta kafa mini doka: kowace safiya, kafin mu sha shayi, sai na faɗa mata abu ɗaya da bai yi ba a cikin zanenta. Kwana biyun farko da ƙyar maganar take fita. Kafin sati ya zagayo sai da ta ce, "Malam Bulus, ɗaya na ce, ba biyar ba."

Sati uku muka yi a rumfar nan da wani mai walda. Ni na kawo shawarar mu nemo fok na tsofaffin kekuna, wato ƙarfen nan mai baki biyu da yake riƙe ƙafar gaba, mu liƙa ɗaya a kowane gefen gadon, yadda ƙafar gaba ta kowane keken ƙauye za ta shiga. Ita ta lura cewa da manyan ƙafafu gadon zai yi sama ya riƙa kifewa, ta zana yadda za a sauke shi ƙasa tsakanin ƙafafun. Tana zaune a ƙasa, hannunta baƙi ƙirin da giris, tartsatsin walda ya ƙone ta a damtse ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Sai ta ce ba za a gama ba sai an kira mai tuƙawa. Na aika wa Sista Rifkatu, ban sa ran za ta zo ba. Ta zo, ta zagaya abin sau biyu.

"Ya yi faɗi," ta ce. "Gadan katako na rafin mu ba zai ɗauke shi ba. Ku rage tafin hannu ɗaya. Kuma ku sa wurin rataya ruwan allura."

Muka yanke muka rage. Ranar gwaji Madam Hilda ta ce ita za ta kwanta a gadon, domin ba za ta sa matar wani a abin da ba ta kwanta a kai ba. Sista ta tuƙa ta zuwa hayin rafi. A gangaren farko amalanken ya kife da ita cikin taɓo, matan da ke wanki suka yi ta dariya, ita ma ta tashi tana dariya tana nuna mini inda nauyin ya rinjaya. Muka koma muka gyara. A gwaji na uku ya haye gadar lafiya, kuma a ranar ne Sista ta sake gaishe ni.

Kafin rani ya ƙare mun juya duka goma sha biyun. Madam ta koma ta kai maganar gaban taronsu na ƙasashe. Daga baya ta gaya mini sun sa a cikin ƙa'idar aikinsu cewa ba za a ƙara aika wani abin hawa ko'ina ba sai an tabbatar ana samun kayan gyaransa a kasuwa mafi kusa, kuma makanikin wurin a rumfarsa za a tambaye shi, ba a filin taro ba. Wata rana ma aka turo mini hoto a waya, wani makanike a can gabashin Afirka yana tsaye kusa da amalanke mai fok biyu irin namu, yana ɗaga mini hannu. Daga wurinsu zanen ya zo mana, ga shi ya koma musu da gyaranmu. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Bayan damina biyu, wata safiya ina shara a gaban rumfa, sai ga Sista Rifkatu ta sauka daga acaɓa da ƙafar amalanke a hannu, a lanƙwashe kamar an taka faranti. Ta ajiye ta a kan bencina.

"Oga Bulus, ga tayan ka."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na dafa bango.

"Ladi ne kuma," ta ce. "Jiya da rana. Muna gangaren rafi muka bugi dutse, ƙafan ya lanƙwashe. Danjuma ya ɗora hannu a kai zai fara kuka. Sai ga wani mai citta yana zuwa a kan keke. Na tare shi, na ciro sifana goma sha biyar, na kwance ƙafan gaban sa na ɗaura. Ko minti goma ba mu yi ba. Mun bar shi a bakin hanya yana gadin buhun sa."

"Ladi fa?" na ce.

"Mace ya haifa. Yarinyan ya yi kuka har nas ya ce a fitar da shi waje." Sai a lokacin ta yi dariya. "Ka gyara maza, mai citta yana jiran ƙafan sa."

Na kife wani tsohon keke na ɗaura ta, na ɗauko alli da ɗan makullin Malam Sale. Na bi ta a hankali, domin sifok ba ya son zafin hannu. Kafin rana ta take na miƙe ta tsaf, Sista ta ɗauka ta koma da ita bakin aiki.

Ana cewa nan gaba wasu baƙin za su zo da kekuna masu batir, kuma watakila ɗayanku za su tsugunar a gefe su ce ya duba ya faɗi yadda ya gani. In ranar ta zo, ku karɓi baƙo da hannu biyu, ku ba shi ruwa, sannan ku kai shi kasuwa.

Waccan ƙafar da Sista ta kawo ta biyu, rabin yini ta ɗauke ni. Wannan ta bango kuwa ita ce ta farko, wadda ba ta kai Ladi titi ba. Shekara da shekaru ina sana'ar nan, ita kaɗai ce aka kawo mini na kasa gyarawa. Ku bar ta inda take.